Hukuncin sayar da wasan bidiyo da aka buɗe ko na hannu da sunan sabo

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aiki ne a wani kantin sayar da wasannin bidiyo. Idan sabon wasa ya iso, mukan farke ledar guda ɗaya, mu cire faifan mu adana a aljihun kanta saboda ɓarayi, mu kafa gidansa fanko inda masu saye za su gani. In sauran suka ƙare, sai mu mayar da faifan, mu manna sitika a bakin gidan, mu sayar a kuɗin sabo. Wani lokaci ma'aikaci yakan ari faifan ya kwana biyu yana bugawa a gida. Akwai kuma waɗanda kwastomomi suka dawo da su da waɗanda muka saya na hannu. In dai babu ƙwarzane a jikinsu, maigida yakan ce a sa musu leda da inji a jera su cikin sababbi. Hujjarsa ita ce wasa ba ya tsufa, abin da ke cikin faifan bai ragu da komai ba. Mene ne hukuncin wannan? Ni da aka sa ina da laifi? Yaya matsayin albashina?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tsaya ka tambaya.

Sayar da wasan da aka buɗe, ko wanda aka yi amfani da shi, halal ne muddin abin da ke cikin wasan ba haram ba ne. Abin da ya haramta shi ne a kira shi sabo, ko a yi shiru a bar mai saye ya zaci sabo ne, a karɓi kuɗin sabo. Wannan algus ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce wani tarin hatsi, ya cusa hannunsa ciki, sai yatsunsa suka taɓo danshi. Da ya tambaya, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce: "Me ya hana ka sa shi a sama don mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Ka lura, mutumin nan bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Jera kayansa kawai ya yi yadda ido zai ga busasshe, jiƙaƙƙe ya ɓuya. Ledar da kuke sawa da inji aikin da take yi ke nan.

Hujjar maigidanka tana da kamar gaskiya, don haka bari mu tsaya a kanta. Haka ne, bayanan da ke cikin faifai ba sa gogewa don an buga wasan sau goma. Amma shari'a ba ta rataya wajibcin bayani a kan lalacewar kaya kaɗai ba. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya faɗa a Risala cewa bai halatta a ciniki a yi algus ko yaudara ko ɓoye aibi ko cakuɗa mara kyau da mai kyau ba, kuma bai halatta mai kaya ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya ambace shi mai saye zai ƙi ta, ko ambatonsa zai rage mata kuɗi. Wannan shi ne ma'aunin. Da za ka ce wa kwastoma, "Wannan an buɗe shi, abokin aikina ya buga shi kwana biyu," shin zai miƙo kuɗin sabo ba tare da ya ja baya ba? In amsar a'a ce, to abin da aka ɓoye masa yana da kuɗi, kuma kuɗin nan ne kanti ya ci.

Kantin da kansa shaida ne a kan kansa. A wannan sana'ar an saba cewa wanda ya sayi wasa ya farke ledarsa ba zai dawo da shi a ba shi kuɗinsa cif ba, ko da bai taɓa sa shi a na'ura ba. Sai dai a saye shi a hannunsa a matsayin na hannu, da ragi mai yawa. Wato idan kwastoma ne ya farke leda, wasan ya tashi daga sabo. Idan kanti ne ya farke, yana nan sabo. Mudu biyu ke nan, ɗaya na awon saye, ɗaya na awon sayarwa. Allah Maɗaukaki ya buɗe Suratul Muɗaffifin da narkon azaba ga masu tauye awo, waɗanda in za su karɓa daga mutane suke cikawa, in za su ba su suke ragewa. Ban ga yadda mai kanti zai ƙi karɓar buɗaɗɗen wasa a kuɗin sabo, sannan ya ce wa Ubangijinsa buɗewa ba ta rage komai.

Kalmar "sabo" kuma al'adar kasuwa ce ke fassara ta, kuma malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa abin da aka sani a al'ada kamar abin da aka gindaya ne a sharaɗi. A kasuwar wasanni, sabo shi ne wanda yake cikin ledar masana'anta, ba a taɓa buɗe shi ba. Hatta kasuwannin intanet irin su eBay haka suka fassara shi, suka ware wani suna dabam ga wanda aka buɗe amma yake kamar sabo.

Sannan ba gaskiya ba ne cewa babu abin da ke raguwa. Wasanni da yawa suna zuwa da 'yar takarda a cikin gida mai ɗauke da lambar da ake shigarwa sau ɗaya tak, don a sauke ƙarin matakai ko kaya ko wata kyauta. Wanda ya fara shigar da ita ya cinye ta, takardar kuwa tana nan lafiya lau kamar ba a taɓa ta ba. Daga 2010 zuwa 2013 kamfanin wasanni na EA ya riƙa sa irin wannan lambar don buga wasa da wasu ta intanet, wanda ya sayi na hannu sai ya sake biya daban. Wasan kwamfuta da ake ɗaure lambarsa da asusun Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ya fi muni: da zarar an yi rajistarsa, faifan ya zama hoto ga duk wanda ya saya daga baya. Katin wasa na ƙananan na'urorin Nintendo DS da 3DS a cikinsa ake adana inda mai wasa ya tsaya, shi ya sa yaro zai buɗe kyautar da mahaifinsa ya sayo masa da sunan sabuwa, ya kunna, ya tarar da sunan wani da sa'o'in da ya buga. Katin na'urar Nintendo Switch ba ya nuna haka, domin a cikin na'ura ake adanawa, amma rashin alama ba ya mayar da tsoho sabo.

Faifan kansa ma yana jin jiki. Ƙwarzanen da ya bi zagayen faifai ya fi wanda ya taso daga tsakiya zuwa baki haɗari, domin yana shafe bayanai masu yawa a jere, na'ura ta kasa cike giɓin. Masu sayar da na hannu suna da injin da ke goge irin wannan, kuma gogewar cin jikin roba ce. A faifan DVD bayanai suna ƙarƙashin roba mai kaurin milimita 0.6, a Blu-ray kuwa, wanda na'urorin wasa na PlayStation 4 da Xbox One suke amfani da shi, milimita 0.1 ne kacal. Faifai yana iya fitowa daga injin yana sheƙi, ya yi aiki a farko, sai an yi nisa cikin wasa ya riƙa tsayawa. Wanda ya goge faifai dole ya faɗa.

Abubuwan da ka lissafa ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne wanda aka cire faifansa don tsoron sata kuma ba wanda ya buga shi. Cirewar ba laifi ba ce, kare dukiya abin nema ne. Idan mai saye yana tsaye yana kallo kana ɗauko faifan daga aljihun kanta, ka ce masa, "Wannan shi ne na nuni, an buɗe shi amma ba a buga ba," ya yarda ya biya ko da kuɗin sabo ne, cinikin ya halatta ba tare da wani zunubi ba, domin Allah ya rataya halaccin kasuwanci a kan yardar juna a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Shari'a ba ta tilasta muku ragi ba, bayani ta tilasta, ko da yake ragin ya fi kusa da adalci. Sai dai in kun sayar masa a haka, kada gobe ya dawo da shi ku ce ba a karɓar buɗaɗɗe, alhali ku kuka buɗe. Wanda ma'aikaci ya kai gida ya buga, da wanda kwastoma ya dawo da shi a buɗe, na hannu ne, ko minti goma aka yi da shi. Mafi muni shi ne sa leda da inji, domin an tashi ne musamman don a rufe idon mai saye. Ledar masana'anta yawanci a naɗe take a sama da ƙasa kamar naɗin ambulan, wasu kamfanoni har da zaren farkewa mai tambarinsu. Ta inji kuwa takan fito da ɗinkin zafi a gefe, ta takure a kusurwa. Mai saye na yau da kullum bai san wannan bambancin ba, kuma rashin saninsa ake ci. In rantsuwa ta biyo baya cewa sabo ne, zunubi ya ninku: Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa rantsuwa tana sayar da haja, tana shafe albarka.

Shin cinikin ya ɓaci? Jumhurin malamai sun ce ya ƙullu, mai sayarwa ya yi zunubi, mai saye kuma yana da zaɓi. Dalilinsu hadisin dabbar da ake ƙin tatsa kwanaki don hantsarta ta cika a zaci mai yawan nono ce: Annabi (SAW) ya ba wanda ya saye ta zaɓi bayan ya tatsa, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino, a wata ruwayar Muslim har kwana uku. A mazhabar Malik, in kayan suna nan yadda suke, mai saye ko dai ya riƙe ba a ba shi komai ba, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa duka. In suka sasanta a kan ragi babu laifi. Hambalawa sun ba shi damar riƙewa tare da karɓar diyyar aibin. Lissafinta da kaso ake yi: in ƙimar sabo 100 ce, ta buɗaɗɗe 80, sai a mayar masa da ɗaya bisa biyar na abin da ya biya. Farke ledar bogi da ya yi ba ta hana shi mayarwa, tunda ba ta wata hanya da zai gane sai ta nan. Rubuta "ba a dawo da kaya" a rasit ma ba ya wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. A Muwaɗɗa, Abdullahi ɗan Umar ya yi ciniki da sharaɗin ba ruwansa da aibi, da rigima ta kai gaban Usman ɗan Affan sai ya nemi ya rantse cewa bai san da aibin ba lokacin da ya sayar. Ashe sharaɗin ba ya rufe abin da aka sani. Kuma babu bambanci ko mai sayen Musulmi ne ko ba Musulmi ba, babba ne ko yaro.

Game da kai: umarnin maigida ba ya ɗauke maka laifi, domin biyayya a cikin abin kirki kaɗai take, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Kada ka sa leda da hannunka, kada ka ce sabo ne alhali ka san ba haka ba ne, kuma in wanda aka sake wa leda ya biyo ta hannunka, ka faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya. Ka sami maigidanka a keɓe, cikin ladabi, ka nuna masa cewa gyaran ba shi da tsada. A kafa gidan fanko da hoton bangon wasan maimakon farke sabo. A raba kaya gida uku da rubutu bayyananne: sabo a leda, buɗaɗɗe ba a buga ba, na hannu. A buɗe littafin aro, duk faifan da ya fita ya koma cikin na hannu. A rubuta a jikin gida in an cinye lambar ciki ko an goge faifan, a maimaita a rasit. In dole sai an rufe na hannu da leda saboda ƙura, a manna masa alamar na hannu a waje. Hadisin Hakim ɗan Hizam ya yi wa masu ciniki alkawari cewa in suka yi gaskiya suka yi bayani za a sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe ta. Ka karanta masa shi.

Albashinka na aikin halal da kake yi, kamar jeran kaya da sayar da na gaskiya, halal ne. Kamashon da ka samu a kan cinikin algus kuwa ba naka ba ne. In ya ƙi gyarawa kuma ya dage sai ka yi da hannunka, ka fara neman wani aikin tun yanzu, kana mai ƙin aikata wannan ɓangaren har Allah ya buɗa maka. Abin da ya wuce, tuba a kansa ba ta cika sai an mayar da hakki, kuma nauyin mayarwa yana kan wanda kuɗin suka shiga hannunsa. A bi rasit da lambobin waya a nemo waɗanda aka sayar wa, a ba su zaɓi. Waɗanda aka yi iya ƙoƙari ba a same su ba, a ƙiyasta bambancin kuɗin a yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je gare su. In wani ya bayyana daga baya bai yarda da sadakar ba, a biya shi.

Wallahu a'alam.