Jan taragon wutsiya, amsar tambayarka ta jiya

Jiya muna fentin ƙaramin jan taragon nan na ɗan jirgin ƙasan wasa da muke ƙerawa ka tambaye ni wai Oga tunda jiragen ƙasan Amurka sun daina jan wannan abin me yasa muke kashe kwana biyu akansa, mu bar jirgin ya ƙare da taragon kaya mana a wuce wurin. Lokacin hannuna duk gam ne shi yasa nace maka sai anjima. To zauna ka ji yaro, dan wannan tambayar ita ce rabin sana'ar tamu.

Sunansa kabus, asalin kalmar ma ɗakin girki ne na jirgin ruwa, kuma ba ado bane aka maƙala a bayan jirgi, ofis ne kuma gida ne. Kwandasta a ciki yake zama da takardun kaya, wane tarago za a ajiye a wace tasha duk yana kan teburinsa, ga murhu ga gado ga fitilu dan tafiyar tana iya kai su kwana. Wannan ɗan ɗakin da ya ɗago a saman rufin wanda kace kamar akurkin kaji, nan ne ainihin aikin yake. Mutum zai hau ya zauna yana hango jirgin tun daga wutsiya har kai yana neman hayaƙi. Taragun da ba boris irin na yanzu gare su ba, bakin gatarin ƙafar yana juyawa ne cikin wani akwati da aka cusa wa tsumma jiƙe da mai, in man ya ƙone ƙarfe ya fara cin ƙarfe sai zafi sai wuta, in ba a gani da wuri ba gatarin ya karye jirgi ya sauka daga layi. Wani sa'in ma hancinsa ne zai fara gaya masa kafin ido. Akwai agogon iskar birki a ciki da abin da zai ja ya tsayar da jirgin gaba ɗaya, kuma in jirgi ya tsaya a daji dole mutum ɗaya ya sauka da jan tuta ko fitila ya taka baya da nisa dan kar na bayansu ya zo ya afka musu. Da taragu suka ƙara tsawo har suka tsare gani daga sama sai wasu kamfanoni suka koma yin taga mai ƙumburowa a gefe, kaga iri biyun da ke cikin kwalin can kenan.

Abinda ya kashe shi ba ɓoyayye bane. Boris na zamani ya zo, aka dasa na'urori a gefen layi masu jin zafin ƙafa suna sanarwa ta rediyo, sannan aka ƙero wani ɗan akwati mai jan wuta yana walƙiya da ake ratayawa a tarago na ƙarshe, shi yake auna iskar birki ya aika wa direba. Kamfanin jirgin ƙasa na Florida East Coast ne suka fara gwada shi a 1969, a 1982 kamfanoni suka daidaita da ƙungiyar ma'aikata akan a fara cire kabus, kafin 1990 kusan duk manyan layuka sun rabu da shi. Ni dai ina jin tausayin mutanen da abincinsu ya tafi amma gaskiya zaman wutsiya ba daɗi, in dogon jirgi ya fizga, girgizar nan tana bin taragu ɗaya bayan ɗaya tana ƙaruwa, kafin ta iso ƙarshe ta isa ta maka mutum da bango, da yawa sun ji ciwo a haka.

Amma kar kace ya mutu kwata-kwata. Har yau in jirgi zai yi doguwar tafiya da baya, misali zai tura taragu cikin wata masana'anta mai nisa, dole wani ya tsaya a gaba ya zama idon direba da rediyo a hannu, kuma ba a so ya yi ta lilo a jikin tsanin tarago tsawon hanya, sai a sa masa tsohon kabus ya tsaya a barandarsa. Da yawansu ma an like ƙofofi da tagogi da walda, barandar kawai ake so. Ana kuma ganinsa a jirgin masu gyaran layi da jirgin da ke ɗauke da kaya masu buƙatar rakiya. Mu nan reluwenmu na Ingila muka gada shi yasa namu taragon gadi ne, aiki kusan ɗaya amma siffa daban, dan haka kar wata rana a kawo maka aikin jirgin Legas zuwa Kano ka ɗora masa jan kabus mai akurki a kai, masu ido za su yi maka dariya.

Yanzu dawo kan teburinmu. Mu ba jirgi kawai muke ƙerawa ba, shekara muke ƙerawa. Mai aikin nan yace Amurka ta 1955 yake so, ga kan jirgi mai gawayi ga motocin lokacin mun jera a bakin tasha, to a wannan shekarar jirgin kaya ba ya hawa babban layi ba kabus, in ka cire shi kamar ka ɗinka babbar riga ne ka manta wuya. Da 2010 yace da sai mu sa ɗan akwatin mai walƙiya, kabus ɗin mu kai shi layin masana'anta mu dusashe fentin mu toshe tagogin. Sannan ko ba lissafin shekara, masu wannan sha'awar suna sonsa dan yana ba su aikin yi, in jirgi ya shiga yadi, wato filin da ake haɗa taragu ana raba su, sai an cire shi an kai shi layinsa an juyo an maida shi bayan wani jirgin, wannan kai da komon shine wasan ai.

Sai abinda za ka gyara. Girman namu shi ake kira HO, 1:87, wato na gaske ya ninka shi sau 87, faɗin layi milimita 16.5, kuma ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen wasa ta Amurka, a nauyi ita ce giram 28 sannan ka ƙara 14 a kowane inci na tsawon taragon, naka ya kusa inci 5 kaga yana neman giram 98 kenan, jiya da na ɗaga shi kamar fankon ashana. Haka zai yi ta tsalle a kwana, ranar da ka tura jirgin da baya kuwa shi zai fara faɗuwa. Manna masa dalma a ƙasa tsakiya daidai kar ta karkata. Mahaɗin kamfanin Kadee ɗin, wanda ke sarƙa tarago da tarago, shi ma ya ɗan sunkuya, auna shi da geji ba da ido ba. Fitilun gefe jan ya kalli baya, kai ka juya su gaba. Kuma dan Allah rage ƙyallin nan, taragon da ke bin hayaƙin gawayi kullum ba ya sheƙi kamar sabuwar mota, ɗan baƙin hoda a rufi da kewayen bututun murhun ya isa, kar ka cika hannu irin na rannan.

Gobe ka zo da wuri, sikelin yana cikin durowa ta biyu.