Ragin da ke cin jari, da sauran tambayoyi kan sayen kaya

Tambaya: Ina sayar da kusan katan 100 na kaya iri ɗaya a wata. Kamfanin da nake sari a wurinsu sun ce in na ɗauki katan 600 a tashi ɗaya, za su yi mini ragin kashi 8 cikin ɗari. Kuɗin suna nan, sai dai kusan duk jarina ke nan. In karɓa?

Amsa: Alhaji, kafin ka ba su amsa ɗauki biro mu yi lissafi da katan, ba da kuɗi ba. Ragin kashi 8 a kan 600 daidai yake da an ba ka katan 48 kyauta. Wannan shi ne abin da ido ke gani. Abin da ba ya gani yana cikin sito. In kana sayen 100 duk wata, abin da ke kwance a wurinka a matsakaici katan 50 ne, tunda da ɗari kake farawa ka ƙare da babu. In ka sayi 600, matsakaicin ya koma 300. Ke nan akwai ƙarin katan 250 da za ka yi wata shida kana ciyar da su.

Ciyarwar kuwa ta gaske ce: hayar wuri, mai gadi, inshora, katan ɗin ƙasa da damshi ya taɓa, wanda ɓera ya huda, wanda aka nema aka rasa, sannan babbar cikinsu, ribar da kuɗin za su jawo da ana juya su. A ce duk wannan ya kama kashi 3 cikin ɗari na darajar kayan a wata. Katan 250 a wata shida sun cinye darajar katan 45. Ragin ya tashi a katan 3 kacal, kuma ka ɗaure jarinka. In kashi 2 ne, sun ci 30, ka tsira da 18, ga kuɗin motar sawu biyar da ka huta. Saboda haka amsar tana wurin wannan kason, kuma kai kaɗai ka san naka.

Ba yau aka fara wannan lissafi ba. Tun 1913 wani injiniya a Amurka, Ford Harris, ya fitar da hanyar auna yawan kayan da ya fi sauƙin saye a lokaci guda, ta hanyar daidaita kuɗin yin oda da kuɗin ajiya. Abin da ya fi burge ni a lissafin nasa shi ne, in cinikinka ya ninka sau huɗu, odarka sau biyu kawai ya kamata ta ninka. Yawancinmu akasin haka muke yi: kasuwa na buɗewa sai mu cika sito har rufi.

Ni dai ba zan zuba dukan jari a kaya ɗaya ba. Koma ka ce musu ka yarda da 600, a rubuce, amma a kawo 200 duk wata biyu, kana biya ana saukewa. Ko sun rage ragin zuwa kashi 5, ka fi samun alheri. In kayan masu ranar lalacewa ne, ko masu bin yayi, ma bar zancen, kwantai ba ya jin labarin ragi.

Tambaya: Na sami kamfani a ƙasar waje da farashinsu ya fi na wanda nake saye a kusa sauƙi da kashi 12. Sun aiko mini farashi biyu, ɗaya FOB ɗaya CIF. Wanne ya fi, kuma ya dace in sauya?

Amsa: Hajiya, farashin da ke kan takardarsu ba shi za ki gwada da na kusa ba. Abin gwadawa shi ne nawa guda ɗaya ya tsaya miki ranar da ya shiga sitonki. Ɗora kuɗin jirgi, inshora, harajin kwastam, ladan ejan mai fito da kaya, kuɗaɗen tashar jiragen ruwa, motar da za ta kawo, 'yan dako, abin da banki ya cira wajen tura kuɗi, da motsin canji tsakanin ranar ciniki da ranar biya. Kada ki manta da tarar jinkiri: kwanakin da ake barin kwantena kyauta a tasha ƙidayayyu ne, suna cika tara za ta fara hawa kullum, ko da takarda ɗaya ce ta riƙe ki. A ƙasashe da yawa kuma ana ɗora haraji ne a kan darajar kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora, don haka jigila na tsada haraji ma na bi.

Haruffan FOB da CIF kuwa suna cikin ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms, waɗanda ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya, ICC, ta fara fitarwa a 1936. Bugun 2020 yana da ƙa'idoji 11. A FOB, mai sayarwa zai ɗora kaya a jirgi, daga nan kuɗin jigila da haɗari duk naki ne. A CIF shi zai biya jirgi da inshora har tashar da za a sauke. Ga inda mutane ke ruɗuwa: a CIF ma haɗarin yana dawowa wuyanki ne tun daga lokacin da kaya suka hau jirgi, kuma inshorar da aka wajabta masa mafi ƙanƙanta ce. In kwantena ta iso ruwa ya shige ta, ke za ki bi kamfanin inshora, ba shi ba.

In karonki na farko ne, CIF ya fi sauƙin kai, amma nemi a ƙara inshorar, kuma a rubuta miki kuɗaɗen da za a caje ki a tashar sauka. In kin sami ejan da kika amince da shi, FOB zai nuna miki ainihin kuɗin jirgi. Duba girman kayan ma. Kwantena mai ƙafa 20 cikinta kusan mita kubik 33 ne, mai ƙafa 40 kusan 67. In kayanki ba su cika ba sai an haɗa ki da wasu, kuɗin kowace mita ya fi tsada, kuma kan ƙara kwanaki wajen haɗawa da rabawa.

Sai lokaci. Kayan nesa makonni suke yi a hanya bayan kin biya, dole kuma ki riƙa ajiye na ko-ta-kwana. A Maris 2021 jirgi ɗaya, Ever Given, ya toshe mashigin Suwez kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi layi. In bayan duk lissafi abin da ya rage daga kashi 12 ɗin bai wuce 3 ko 4 ba, zauna inda kike. Araha ba ta ado.

Tambaya: Mutum ɗaya ke kawo mini babban abin da masana'antata ke aiki da shi, kuma yana kyauta mini a farashi. Abokina ya ce in raba oda gida biyu. Ba asara ba ce?

Amsa: Asara ce kaɗan, Malam, amma irin wadda ake biya da sani. A Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin a Japan, wadda kusan ita kaɗai ke yi wa Toyota wani ɗan ƙarfe na birki. Da yake tsarin Toyota shi ne a kawo kaya daidai lokacin buƙata ba tare da tara su ba, cikin 'yan kwanaki layukan haɗa motoci suka tsaya. Ba sai ka raba komai ba. Tambayi kanka: wanne ne in ya yanke mako guda aikina zai tsaya? Wannan kaɗai za ka nema wa mutum na biyu. Bar wa na farko kaso mafi tsoka don farashin ya ɗore, ka riƙa ba na biyu oda ta gaske ko ƙarama ce. Wanda ba ka taɓa sayen komai a wurinsa ba, ranar da kaya suka yi ƙaranci kai ne na ƙarshe a layinsa.

Tambaya: Ana tallata mini manhajar kwamfuta ta lura da kayan sito. In saya?

Amsa: Ba yanzu ba. Fara jera kayanka bisa kuɗin da kowane iri ke ci a shekara. Sau da yawa za ka tarar 'yan kaɗan na sama ne suka kwashe yawancin kuɗin. Su za ka riƙa ƙirgawa duk mako, na tsakiya duk wata, na ƙasa lokaci-lokaci. Ga kowane na sama, ninka abin da kake sayarwa a rana da kwanakin da oda ke yi kafin ta iso, ka ƙara ɗan rara: in kaya suka sauko nan, yi oda. Yi wata uku a haka a littafi. In rubutun ya fi ƙarfin hannu, ko siton ya zama biyu, sai ka sayi manhajar, ka kuma tabbatar tana ba ka damar kwashe bayananka in ka so barinta.