Tambaya da Amsa: Me ya kai mai gudu da ƙwallo cafe jifa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bana na fara kallon gasar NFL ta ƙwallon Amurka. An ce mini aikin ranin-bak shi ne a damƙa masa ƙwallo hannu da hannu, ya kutsa cikin ƙarti da gudu. To amma sai na ga ana ta jefa masa ƙwallo kamar sauran masu cafewa. Shin dabara ce, ko kuwa kwatabak, mai jifar, shi ne ya rasa yadda zai yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Duka biyun ne, ɗan'uwa, kuma sai ka iya bambanta su za ka ji daɗin kallo.

Bari in fara da na rashin yadda za a yi. Kwatabak, wato mai jifa, bai fi daƙiƙa uku gare shi ba kafin ƙartin ɗaya ɓangaren su rufar masa. Ya duba mai cafewa na farko, a tsare yake. Ya duba na biyu, haka. Maimakon a kayar da shi a baya a yi asarar yadi bakwai, sai ya ɗan tura wa ranin-bak da ke gefe, ya ci yadi huɗu ko biyar. Da babu gara ba daɗi. Tun da dama huɗu ake ba ƙungiya ta ci yadi 10, wannan ba abin rainawa ba ne.

Dabarar kuwa tana cikin wannan tambayar: wa ke tsaron ranin-bak? Gwanayen tsaron masu saurin gudu suna can gefen fili suna fama da masu cafewa. Wanda yawanci ake bar wa ranin-bak shi ne ɗan layi na biyu, layinbaka, mutum mai nauyi da aka tanada don tare gudu ta tsakiya. Sai ka ga ranin-bak ya fita kamar zai tsaya kusa da layin gefe, layinbaka ya taho da ƙarfi zai danne shi, shi kuma ya karya kwana ya miƙe gaba. Kafin mai nauyin nan ya juya ƙugunsa, an ba shi taku biyu, ƙwallo kuma tana sama. Akwai kuma tarkon da na fi so: masu tare wa kwatabak su yi kamar an fi ƙarfinsu, su bar maharan su wuce, sai a ɗaga ƙwallo ta saman kawunansu ta faɗa hannun ranin-bak, ga ƙarti biyu ko uku a gabansa suna share masa hanya. Garaje ya ja wa maharan.

Bill Walsh, kocin San Francisco 49ers, shi ne ya fi ɗaukaka wannan tunani, na mayar da gajeren jifa tamkar gudu. A 1985 ɗan wasansa Roger Craig ya ci yadi 1,050 da gudu, 1,016 da cafewa, mutum na farko da ya haɗa dubu nan dubu can a kaka ɗaya. Sai 1999 Marshall Faulk na St. Louis Rams ya maimaita, sannan Christian McCaffrey a 2019 yana Carolina Panthers, inda ya cafe jifa 116. Su uku ke nan.

Amma ni wasan da ya gamsar da ni shi ne Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, na Fabrairun 2017. Atlanta Falcons na da 28, New England Patriots na da 3, har na fara shirin kashe talabijin. Wanda aka tsere wa haka ba shi da lokacin gudu, dole ya yi ta jifa. Tom Brady, kwatabak ɗin Patriots, ya yi ta neman ranin-bak James White, wanda ba shi ne ma babban mai gudun ƙungiyar ba. Sau 6 kacal ya ruga da ƙwallo, amma ya cafe 14, yadi 110, kuma shi ya ci makin da ya rufe wasan 34 da 28 a ƙarin lokaci.

Sai dai kada yawan cafewa ya ruɗe ka. Idan dama ta uku ce, ana neman yadi 12, aka jefa wa ranin-bak ya ci 5 aka kayar da shi, masu tsaro ne suka ba shi kyauta, suna murna. A takarda an rubuta masa, a fili kuwa yawanci sai ƙungiyarsa ta buga wa abokan hamayya ƙwallo a dama ta huɗu.

Wani abu kuma da ba ya shiga lissafi: kafin ranin-bak ya fita neman jifa, sai ya duba ko akwai ƙarin mahari da ya ɓalle, ya tsaya ya tare shi da ƙirji. Koci ba ya barin wanda bai iya wannan ba a fili lokacin jifa, komai kyawun hannunsa, domin lafiyar kwatabak ta fi masa komai. In ka zauna kallo na gaba, a dama ta uku ka ɗauke ido daga ƙwallo, ka sa wa mutumin da ke tsaye gefen kwatabak: za ka ga ya ɗan dakata, ya waiga hagu da dama, sannan ya fita.