Wannan turmin ba ya famfara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara 6 ya fito da turmi can ƙurya, alhali ko haƙori ɗaya bai faɗi ba. Kwantar da hankalinki. Haƙoran yarinta 20 ne, na babba 32, wannan kuwa turmin dindindin ne, a bayan layi yake tsirowa.

Abin da ke damuna, iyaye da yawa suna zaton zai faɗi wani ya fito. In ya tafi ya tafi ke nan. Leƙa samansa, za ki ga 'yan ramuka inda alewa ke maƙalewa. Da zarar farin ɓawon ya huje, ruɓa ta kai jijiya, sai kwanan kuka. Ki riƙa goge masa da kanki safe da dare, har bakin dasashi.