Yarona ya kusa shekara 2 bai buɗe baki ba, yarukan Legas ne suka rikita shi?

Tambaya: Salam likita, daga Agege nake. Yarona watansa 22 amma sai gwaranci da nuni da hannu, kalmominsa kaɗan ne, kuma da an hana shi abu sai ya zube ƙasa yana birgima. Surukata ta ce yare ne ya masa yawa, Hausa a ɗaki, Yarbanci da buroka a tsakar gida. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki ki kuma kwantar wa Hajiya da nata, yawan yare ba ya jinkirta magana, kar ki hana shi wasa da yaran maƙwabta saboda wannan. Abin da za ki yi, ki ƙirga kalmominsa duka a haɗe, in ya ce "ruwa" ya ce "omi" (ruwa da Yarbanci) duk nasa ne, har "mamma" da "bye bye" ki sa a lissafi. Yawanci kalmar farko wajen wata 12 take zuwa, zuwa wata 24 kuma muna so mu ji yana haɗa biyu, irin "ba ni", "Baba tafi".

Nunin nan da yake yi ya faranta min rai sosai wallahi, alama ce yana son isar da saƙo. Birgimar ma daga nan take, yana so, bakin bai kai ba, sai haushi. Tsakanin shekara 1 zuwa 3 kusan kowane yaro na yi, ba iskokai ba ne kuma duka ba ya magani, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo ki jira ya huce.

Waya fa? Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce ƙasa da shekara 2 kar a ba su kallo, daga 2 zuwa 4 kar ya wuce awa 1 a rana. Katun ba ya amsa wa yaro, ke ce za ki amsa, kina girki kina masa hira.

Amma in kin kira sunansa ba ya juyowa, ko ba ya kallon ido, ko kalmomin da ya iya sun ɓace, ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, kar ki jira ya cika 2. Ki kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba ko asibitin yara na Massey, ki ce a fara gwada jinsa.