Addu'ata ta koma faɗa da Allah: na yi saɓo ne?

Tambaya

Baba Rabaran, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni 'yar Zumuntar Mata ce, ina zaune a Tudun Wada a nan Jos, ina sayar da kayan miya a kasuwar Farin Gada. Shekara biyu ke nan maigidana yana kwance, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Na yi azumi, na yi kwanan addu'a, na hau dutse, har man zaitun na saya a hannun wani da ake ce wa annabi. Da na koma na gaya masa babu canji, sai ya ce bangaskiyata ce ta kasa, ko kuma akwai zunubin da muka ɓoye. Ya ce in ƙara shuka iri, wato in ƙara ba da kuɗi, in daina ba mai jiki maganin asibiti. Yanzu in na durƙusa, ba roƙo ke fita daga bakina ba, faɗa ne: "Me na yi maka?" A sujada ana waƙa, ni bakina ya ƙi buɗuwa. Wata uku ban ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kai don tunawa da mutuwar Yesu, ba saboda tsoro. Baba, na yi saɓo ne? Allah yana jin wanda ke fushi da shi?

Amsa

'Yata, sannu da jinya. Allah ya ba mai jiki sauƙi, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi.

Akwai abin da ba zai jira ba, da shi zan fara. Kada ki daina ba maigidanki maganinsa. In ma kin riga kin daina, ki koma asibiti a wannan makon ki faɗa wa likita gaskiya, ba kunya a ciki. Mutumin da hawan jini ya taɓa kayarwa, in ya bar magani, ciwon yana iya sake bugunsa, kuma ba a san yadda bugu na biyu zai zo ba. Babu ayar da ta ce shan magani rashin bangaskiya ne. Ranar da Allah ya ƙara wa Sarki Hezekiya shekara 15, annabi Ishaya da kansa ne ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora masa a kan marurun (Ishaya 38). Bulus ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa da yawan laulayinsa, ya kuma bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Abokin tafiyarsa Luka ma likita ne. Wanda ya ce miki ki zubar da magani, ba shi zai kwana da ke a asibiti ba.

To, ga tambayarki. A'a, ba ki yi saɓo ba. "Me na yi maka?" ɗin nan da kike faɗa, da wa kike? Da Allah kike. Wanda ya fid da rai da mutum ba ya ɓata yawunsa a kansa, juya baya yake yi ya kama gabansa. Ke kuwa har yanzu gwiwarki tana kai wa ƙasa.

Mutanenmu sukan haɗa gunaguni da kuka su ce duk ɗaya ne, alhali Littafi Mai Tsarki ya raba su, kuma a sura guda ya raba su. Ki buɗe Littafin Ƙidaya sura 11. Isra'ilawa suna jeji, sun gaji da manna, abincin da Allah yake sauko musu daga sama, kowa yana kuka a ƙofar alfarwarsa, suna tuna kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa (ke da kike Farin Gada kin san darajar waɗannan). Fushin Allah ya sauko musu. A cikin wannan surar ce kuma Musa ya fuskanci Allah da maganar da ta fi tasu zafi nesa ba kusa ba. Ya tambaye shi don me ya wahalshe shi haka, ko shi ne ya ɗauki cikin jama'ar nan ya haife su da za a ce ya rungume su kamar mai reno. Ya ce kayan sun fi ƙarfinsa, in haka za a ci gaba gara Allah ya kashe shi ya huta. Me Allah ya yi masa? Ko tsawa bai yi masa ba. Cewa ya yi ya tara dattawa 70 su taya shi ɗaukar nauyin. Jama'a sun yi maganar Allah a tsakaninsu, zuciyarsu tana kallon Masar. Musa ya kai ƙarar Allah wurin Allah. Naki irin na Musa ne.

Zabura 150 ce, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku nata kuka ne da makoki. A Zabura 13, cikin aya biyu na farko kaɗai, sau huɗu Dawuda yana tambayar Allah har yaushe. Yawancin irin waɗannan sukan juya su ƙare da yabo, amma ban da Zabura 88. Ta fara da kiran Allah Mai Ceto, ta bi ta kan kabari da rami da abokan da suka gudu, ta ƙare a cikin duhu, ba ko "amma" ɗaya ta ta'aziyya a ƙarshenta. Tun 1932 da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa wannan zabura take hannunmu, amma sau nawa kika ji an karanta ta a sujadar Lahadi? Laifinmu ne mu masu hawa bagade. Mun koya wa jama'a waƙoƙin nasara, ba mu koya musu yadda ake kuka a gaban Uba ba, shi ya sa in kukan ya zo sai su ɗauka sun fāɗi. Alhali Ubangiji Yesu da kansa, a kan gicciye, da farkon Zabura 22 ya ɗaga murya, yana tambayar Allah don me ya yashe shi.

Amma akwai iyaka, ba zan ɓoye miki ba. Matar Ayuba ta ce masa ya zagi Allah ya mutu, wato ya yanke zumunci ya rufe ƙofa. Wannan ne Ayuba ya ƙi. (Ni dai nakan tausaya wa matar nan fiye da yadda ake yi mata a wa'azi; 'ya'ya goman da suka mutu rana ɗaya ai nata ne ita ma.) Ban da wannan, babu abin da Ayuba bai faɗa ba. Ya la'anta ranar da aka haife shi, ya nemi Allah ya fito su yi shari'a. Da Allah ya amsa, bai gaya masa dalilin wahalarsa ba ko sau ɗaya, tambayoyi ya jero masa har Ayuba ya sa hannu ya rufe bakinsa. Sai dai ki duba sura 42 aya 7, ki ga wa Allah ya yi fushi da shi. Elifaz ne da abokansa biyu, waɗanda suka dage cewa lalle akwai zunubin da Ayuba ya ɓoye. Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Kwana bakwai na farko da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, nan ne kawai suka yi daidai.

Kin ga ke nan maganar da mutumin nan da ake ce wa annabi ya gaya miki tsohuwa ce, kuma an riga an yanke mata hukunci. Almajirai ma sun yi ta a kan wanda aka haifa makaho, ko shi ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba, ba su ba (Yohanna 9). Ya kuma yi tambaya a kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ko sun fi sauran mazaunan Urushalima laifi, ya amsa da kansa ya ce a'a. Mu mutanen Jos bai kamata a ruɗe mu da wannan ba. Da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, Kirista da Musulmi suka wayi gari ba jari, masu tsoron Allah da marasa tsoronsa. Wa zai ce wanda rumfarsa ta ci wuta ya fi mai rumfa a Bukuru zunubi? In da gaske akwai abin da lamirinki ke damunki da shi, ki furta, Allah mai gafara ne. In babu, kada ki zauna kina tonon laifin da ba ki yi ba don ki ba wani gaskiya.

Na san ayar da za a kawo miki, Markus 11:24, wadda ke cewa mu gaskata mun samu abin da muka roƙa. Gaskiya ce, ban rage mata komai ba. Amma Yesu da ya faɗe ta shi ne ya roƙa har sau uku a Getsamani a kawar masa da ƙoƙon wahala, ya ɗora da cewa nufin Uba za a bi, kuma ya sha ƙoƙon. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar kuma ta zauna. Su ma bangaskiyar ce ta kasa? A Markus 9 wani uba ya kawo ɗansa, ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Rabi da rabi ke nan, kuma Yesu bai ce ya je ya cika mudu ya dawo ba. Bangaskiya ba kuɗi ba ce da ake tarawa har su kai farashin warkarwa. Game da man zaitun kuwa, Yakubu 5:14 ta ce a kira dattawan ikilisiya su zo su yi addu'a su shafa wa mara lafiya mai. Su ne za su zo gidanki, kuma ba a ce a biya ba. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don baiwar Allah, Bitrus cewa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi. Kuɗin irin da aka ce ki ƙara shukawa, ki saya wa mai jiki magani, ki sayi gawayin ɗumama ɗaki kafin sanyin Disamba ya kama, amma kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe.

Zai warke? Ban sani ba, 'yata, kuma duk wanda ya ba ki rana da wata ki yi hattara da shi. Allah yana warkarwa, ki ci gaba da roƙo, ni ma zan roƙa. Abokan Daniyel uku sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. A kan ƙafafun nan biyu ake tsayawa.

Azumin kuma ki ajiye shi tukuna. Macen da ke ɗaga namiji babba, ta juya shi, ta wanke shi, ta fita kasuwa da asuba, ba ta da jikin da za ta hana wa abinci. Da Iliya ya gudu jeji ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa, mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ci. Wani abin da kike ɗauka mutuwar ruhaniya ce, gajiya ce da rashin barci. Jiki magayi. In kuma kika ga barci ya ƙaurace miki gaba ɗaya, abinci ya fita ranki, ko tunanin mutuwa ya fara zuwa miki, ki faɗa wa likitan da ke duba maigidanki. Wannan ma ciwo ne, kuma ana maganinsa.

Waƙar da ta ƙi fita, ki bar ta. Waɗanda aka kai bauta Babila rataye garayunsu suka yi a kan itatuwa, suka ce ba za su iya rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa ba, kuma wannan ƙin waƙar shi kansa ya zama Zabura 137. Ki je sujada ki zauna a cikin 'yan'uwanki mata, su kaɗa tulu su yi waƙar, ke ki saurara. Shanyayyen da aka zura ta rufin ɗaki a Kafarnahum mutum huɗu ne suka ɗauko shi, kuma Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina zargin in matan zumunta suka tambaye ki ya mai jiki, "da sauƙi, mun gode Allah" kike cewa ki wuce. Ki samu shugabar ko matar fasto ki gaya mata yadda abin yake, da bakinki, ki kuma faɗi abin da kike so: wadda za ta zauna da shi rana ɗaya a mako, matashin da zai taya ki sa shi a keke ranar zuwa gashin ƙashi a asibiti. Sau da yawa mutane suna so su taimaka, hanyar ce ba su sani ba.

Jibin Ubangiji kuwa, na san 1 Korantiyawa 11 ce ke tsorata ki, maganar ci da rashin cancanta. Ki karanta daga aya 17. Waɗanda Bulus yake tsawata wa masu hali ne da ke riga cinye abinci har su bugu, su bar matalautan ikilisiya da yunwa da kunya. Ba mace mai karyayyar zuciya yake nufi ba. Ki ga fastonku kafin Jibi mai zuwa, ki gaya masa abin da kika gaya mini, ki kuma roƙe shi ya kai wa maigidanki Jibin har gida, don shi ma shekara biyu ke nan.

Shi ma ɗin, kin taɓa tambayarsa abin da yake gaya wa Allah in dare ya yi? Mai yiwuwa faɗan da kike yi a ɓoye shi ma yana yinsa a kwance, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa don kada ya karya masa zuciya. Yau da dare ki zauna kusa da shi ki karanta muku Zabura 13 da ƙarfi, aya shida ce kawai. In kin kai aya ta biyar bakinki ya ƙi, ki tsaya a ta huɗu, gobe ki sake.

Ki gai da mai jiki da yara.