Amsa ga Kawu kan allunan da ya gani a ƙofar gidanmu ranar tashi

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma maganarka ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai, inda ka ce mutumin da sai ya nemi izinin hukuma kafin ya tsayar da mota a ƙofar gidansa ya riga ya zama Bature, ko da da Hausa aka raɗa masa suna. Hoton alluna biyu ka gani, waɗanda aka kafa a titinmu na Hamburg, a ƙasar Jamus, lokacin da za mu tashi daga tsohon gida, ina kuma so ka san abin da ya sa aka kafa su.

Ƙofar gidan nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Bene ne mai hawa biyar, iyalai da yawa ke cikinsa, bakin titin kuwa cike yake da motocin maƙwabta dare da rana. Motar kaya mai nauyin tan 7.5 tsawonta ya kai kimanin mita 8, sannan tana buƙatar fili a bayanta inda za a sauke dandamalin ɗaga kaya, shi ya sa ake neman mita 15 zuwa 20, wato wurin ƙananan motoci uku ko huɗu. Wanda ya ajiye kujeru ko kwandon shara domin ya kama wuri ya saɓa doka, kuma kowa na iya kawar da su ya ajiye motarsa.

Abin da ake yi shi ne a nemi takardar hana tsayawa ta ɗan lokaci, wadda Jamusawa ke kira Halteverbot, mu ma haka muke kiranta ko da Hausa muke yi. Ana shigar da buƙata kamar mako biyu kafin ranar, a faɗi titi da lambar gida da sa'o'in da ake so. Idan izini ya fito sai a kafa allunan, masu launin shuɗi da jan gicciye, ɗauke da kwanan wata, a kuma rubuta lambobin motocin da aka tarar a wurin a lokacin kafawa. A 2018 babbar kotun harkokin mulki ta tarayya da ke Leipzig ta yanke cewa sai alluna sun yi cikakkun kwana uku a tsaye kafin a ja motar da aka ajiye tun kafin a kafa su, a ɗora wa mai ita kuɗin ja. Ko a ranar tashin ma mai ƙaura ba shi da ikon taɓa motar kowa, 'yan sanda zai kira, su ne masu cewa a kawo janwe. Ni a ganina kwana ukun nan sallama ce ga maƙwabci, domin an sanar da shi tun da wuri, ba a far masa da asuba ana dukan ƙofarsa ba. A tashinmu na bi motocin ɗaya bayan ɗaya na saƙala takarda a gilashi, kuma ba a ja motar kowa ba.

Marigayi Baba bai san da wannan tsari ba a ƙaurarmu ta farko, lokacin ina yaro. Motar ta zo ta rasa wuri, direba ya tsaya a tsakiyar titi, na baya suka yi ta danna oda, har aka tilasta masa ya koma can bayan layi. Daga nan aka riƙa sungumar katifu da akwatuna a ka cikin ruwan sama. Ina tuna Inna tsaye a bakin matattakala rungume da akwatin kayan aurenta, ta ƙi yarda kowa ya taɓa shi, Baba kuma yana ta ba maƙwabta haƙuri da Jamusancin da bai gama nuna a bakinsa ba. Tun daga ranar shi ne ya zama mai tuna wa kowane Bahaushe a unguwar batun takarda, har yakan raka sababbin zuwa ya cike musu fam.

Ka kuma tambaya ko surukaina ne suka koya mini wannan hali. Matata Bajamushiya ce, ban taɓa ɓoye muku ba, kuma na gaji da yadda ake jingina mata duk abin da ba a gane ba game da zamanmu. Lasisin tuƙi irin nawa bai wuce mota mai tan 3.5 ba, amma waɗanda suka karɓi nasu kafin 1999 suna da damar tuƙa mai tan 7.5. Saboda haka mahaifinta, dattijo mai furfura, shi ya tuƙo motar da sassafe, ya saita ta tsakanin allunan, ya zauna yana gadin kaya har muka idar da sallar azahar. Ba na jin akwai dangin da zai raina irin wannan suruki.

Sauran aikin kuwa namu ne. An zaɓi Asabar domin Lahadi ranar hutu ce da ba a son hayaniya a cikin gidaje. Samarin masallacinmu suka jeru a matattakala daga hawa na huɗu har ƙasa, tun da ginin tsoho ne babu na'urar hawa, suna miƙa kwali hannu da hannu, injin wanki da firiji kuma mutum huɗu suka ɗauko su da ɗamara. Babu wanda aka biya, babu wanda aka roƙa sau biyu, da Hausa kuma ake ta cewa a sassauta, a karkata, a kula da bango. Wannan duk bai fito a hoton ba, domin wanda ya ɗauka a titi yake tsaye, kuma da ka tambaye ni kafin ka yanke hukunci da na aiko maka da na cikin bene. Ɗana na fari ne ya sauko da akwatin Inna, shi ne kaya na ƙarshe da aka saka a mota, kafin mu kwance allunan mu mayar wa maƙwabta titinsu da la'asar.